Gardamata da Kawu kan tagwayen motocin Jamus

A DAREN wata Asabar, bayan an idar da sallar isha'i, na saɓa jakar kwamfutata na nufi gidan Kawuna a Tudun Wadar Kaduna. Niyyata in nuna masa wani tsohon fim ɗin Turawa mai suna Le Mans, wanda ya fito a 1971, domin na san shi da son mota kamar ransa. Amma in zan faɗi gaskiya, akwai abin da ya koro ni daga ɗakina. Mako uku ke nan wani abokina darakta bai ɗaga wayata ba, tun ranar da sharhin da na yi wa sabon fim ɗinsa ya fito. A sharhin na ce ya samo labari mai kyau, sai ya lafta masa waƙoƙi uku da ɗan barkwanci har labarin ya kasa motsi. Na rufe da cewa fim na ƙwarai shi ne wanda aka cire masa duk abin da ba dole ba. Jama'a da dama sun yaba, ni ma na ji kaina ya yi girma. Shi kuwa gogan naka ya yi gum.

Kawu bakanike ne, ko in ce tsohon bakanike, don yanzu ido ya yi rauni, yaransa ne ke riƙe da garejin. Tun yana saurayi ya koyi gyaran Bosuwaja, wadda muke kira kunkuru, a zamanin da ake haɗa ta a Legas, a masana'antar da aka buɗe a 1975. Har gobe akwai wata tsohuwar kunkuru ruwan madara a ƙofar gidansa, ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma duk Juma'a sai ya tashe ta ya tafi masallaci.

Fim ɗin yana buɗewa ne da jarumi Steve McQueen shi kaɗai a cikin wata mota ruwan toka, yana ratsa ƙauyukan Faransa, har ya isa wani wuri ya tsaya ya fito yana kallon ƙarfen gefen titi da aka sabunta, inda aka yi mummunan haɗari a tseren shekarar da ta wuce. Ba a yi minti biyu da farawa ba Kawu ya ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗan boko. Mayar da shi baya, ka ƙara murya."

Na mayar. Ya karkata kunne kamar mai jiran kiran salla daga nesa.

"Wannan ai 'yar gidanmu ce," in ji shi. "Injinta a baya yake, kuma ba ta shan ruwa, fanka ce ke yi mata fifita. Ka ji kukan? Sai dai ta fi tawa yawan silinda."

Ai kuwa bai kuskure ba. Motar Porsche 911S ce ƙirar 1970, kuma jini ɗaya suke da kunkuru. Injiniya Ferdinand Porsche shi ya tsara kunkuru tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Ɗansa Ferry ya fito da motar tsere ta farko mai ɗauke da sunan gidansu a 1948, da kayan Bosuwaja a cikinta. Jikansa kuma, Ferdinand Alexander, shi ya zana surar wadda aka nuna a Frankfurt a 1963 da lamba 901. Kamfanin Fijo ya ce atafau, lamba uku mai sifili a tsakiya tasa ce, shi ya sa aka mayar da ita 911. Da na faɗa wa Kawu haka sai ya tuntsire da dariya, ya ce ashe Fijon Kakuri har Jamusawa ta taɓa tanƙwarawa. Kunkuru silinda 4 gare ta a kwance, ita 911 guda 6, duk a bayan mota, duk ba lagireto.

Muka ci gaba da kallo. Mai karatu, in ba ka taɓa ganin Le Mans ba, fim ne da aka ɗauki da yawa daga cikinsa a ainihin tseren awa 24 na 1970. Sama da rabin awa ana tafiya jarumin bai buɗe baki ya ce uffan ba. Kukan inji ne kawai, da muryar mai sanarwa, da fuskokin mutane. Darakta John Sturges, wanda ya yi The Great Escape da McQueen, shi ya fara aikin, amma ya ajiye ya tafi domin yana son a yi labari, shi kuwa McQueen tsere yake so a nuna tsagwaronsa. Lee H. Katzin ne ya ƙarasa. Ni a wurina wannan shi ne fim, irin wanda nake wa abokina wa'azi a kai. Ina cikin jin daɗi na waiga, sai na ga Kawu ya jingina da bango yana gyangyaɗi. Can ya farka ya gyara hula ya ce, "An fara fim ɗin kuwa?"

Haka 'yan kallon 1971 suka yi masa. Bai yi kasuwa ba, ya bar McQueen da asara da ɓacin rai. Sai bayan rasuwarsa a 1980 masoya tsere suka mayar da fim ɗin abin tinƙaho, har ita waccan mota ruwan toka aka yi gwanjonta a 2011 kan dala miliyan 1.375.

Daga wannan dare ne na faɗa karance-karancen abin da ya biyo bayan fim ɗin, kuma a nan na ci karo da motoci biyun da suka haɗa ni gardama da Kawu.

Tauraruwar tseren da ke cikin Le Mans ita ce Porsche 917, dodanniya mai silinda 12, wadda ta lashe gasar a 1970 da 1971. Daga 1972 hukumar tsere ta duniya ta sauya doka, ta taƙaita girman inji zuwa lita 3 a wannan rukuni, 917 ta rasa gurbi. Kamfanin ya juya ga 911 domin shiga rukunin motocin da suka samo asali daga na kan titi. Sharaɗin kuwa shi ne sai ka ƙera guda 500 iri ɗaya na sayarwa kafin a yarda ka kai ta fili. Wannan doka ce ta haifi 911 Carrera RS 2.7. Kalmar Carrera daga wani tsere mai haɗari na ƙasar Meziko aka aro ta, inda Porsche ta yi fice a 1954. RS kuma taƙaitawa ce ta kalmar Jamusanci mai nufin wasan tsere.

Injiniyoyin sun faɗaɗa injin daga lita 2.4 zuwa 2.7, ya ba da ƙarfin doki 210. Sun yi bodin da ƙarfe marar kauri, gilasan ma haka. A karon farko a motar kamfanin ta kasuwa, tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, don haka aka buɗa ƙugun motar da milimita 42. Sannan ga abin da kowa ke gane ta da shi, wani ɗan tudu a kan murfin inji wanda ake kira wutsiyar agwagwa. Hermann Burst da Tilman Brodbeck da Rolf Wiener ne suka fito da shi. Amfaninsa shi ne, in mota ta yi gudu sosai iska kan nemi ɗaga bayanta, wutsiyar ce ke danne ta a ƙasa, kuma ta ƙara mata gudun kilomita 4.5 a awa.

An nuna ta a bikin baje kolin motoci na Faris ranar 5 ga Oktoba, 1972. 'Yan sashen ciniki na kamfanin sun ji tsoron ba za a sami mutum 500 da za su sayi irin wannan tsirarar mota ba. Kafin ƙarshen Nuwamba an saye su tas. Aka ci gaba da ƙerawa har Yulin 1973, jimilla ta tsaya a 1,580. Daga ciki 55 na fili ne zalla, su ake kira RSR, masu inji lita 2.8 da ƙarfin doki 300. Guda 17 an bar su yadda aka fara haɗa su. Sauran kuwa sun kasu gida biyu: 200 ana ce musu Sport, 1,308 ana ce musu Touring.

To, ga inda gizo ke saƙar. Inji ɗaya ne a cikinsu, giya ɗaya, taya ɗaya, wutsiya ɗaya. In suka wuce ka a guje da wuya ka ce ga wannan ga waccan. Sai ka buɗe ƙofa.

A cikin Sport babu kujerar baya. Babu agogo. Babu kafet mai kauri, babu abin rage ƙarar inji, babu wurin ɗora hannu a jikin ƙofa, hatta 'yar ƙugiyar rataye riga an cire. Igiyar fata ce za ka ja ka buɗe ƙofa daga ciki. Bamban baya na faiba ne, batir ɗaya ne, tambarin kamfanin da ke kan bonet ma da farko na liƙawa aka sa don na ƙarfe ya yi nauyi. Nauyinta kilo 960. Tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 5.8, ƙarshen gudunta 245.

Touring kuwa an kwaso mata kayan cikin 911S, wato ƙanwar waccan da McQueen ya tuƙa a farkon fim: kujeru masu taushi, 'yan kujerun baya biyu, kafet, agogo, abin rage ƙara, batir biyu. Nauyinta kilo 1,075. Daƙiƙa 6.3 take ɗauka ta kai 100, ƙarshen gudunta 240. Asalin kuɗin motar mak 34,000 ne na Jamus. Mai son Sport zai ƙara 700, mai son Touring zai ƙara 2,500.

Ka ga ke nan tazarar da ke tsakaninsu kilo 115 ce, buhun siminti biyu da 'yar ɗoriya.

Tun kafin in gama karantawa na zaɓi gefe. Sport ce tawa. Ita ce sharhina a kan taya huɗu, ita ce Le Mans: an cire komai, an bar abin da aka zo yi. Touring kuwa na ɗauke ta motar masu son a ce sun yi tsere alhali suna tsoron ciwon baya. Na tara hotunan biyun a waya, Asabar ta gaba na koma wurin Kawu da tabbacin bakanike zai mara mini baya, tunda ai bakanike inji ya sani.

Na same shi a tabarma a ƙofar gida, ya sa tabarau ya karɓi wayar. Ya daɗe yana kallon cikin Sport, yana jan hoton da yatsa.

"Ɓarayi ne suka shiga wannan?"

"Haba Kawu, haka aka yi ta. Don ta yi sauƙin nauyi."

"To in ka yi aure, ita amaryar ta zauna gaba, na ji. Goyon fa? A bonet za ka ɗaure shi?"

Na ce masa ai ba motar kai yara makaranta ba ce. Ya ce ya sani, amma in saurara. Ya ba ni labarin wata shekara da ya cire kujerar bayan kunkurunsa don ya ɗauko kayan gyara daga Kano. Ya ce mutane ba su san aikin da kujerar baya ke yi a motar da injinta ke baya ba: ita ce katanga tsakaninka da inji. Daga Kano zuwa Zariya ya ji kamar an kifa masa tukunya a ka ana duka, kafin ya iso Kaduna kunnensa na kuka, sai da ya kwana biyu yana cewa "na'am?" ga duk wanda ya yi masa magana. "Wannan fa silinda huɗu ke nan, masu ƙarfin jaki," in ji shi. "Kai kana maganar shida masu doki ɗari biyu da goma, kuma an cire audugar da ke jikin bodi. Awa ɗaya za ka ji daɗi. Awa ta biyu za ka fara neman inda za ka tsaya shan shayi."

Da na ambaci batir biyu a matsayin misalin nauyin banza, sai ya girgiza kai. Ya tambaye ni ina aka ajiye su. Na ce a gaba, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ya ce to shi ke nan, na ba kaina amsa. Duk mai kunkuru ya san gabanta ba nauyi, in ana iska a babban titi sitiyari kan yi wasa a hannu, shi ya sa direbobin da kan jefa buhun yashi a but ɗin gaba. Daga baya na tarar haka abin yake a tarihin 911: a shekarunta na farko har dunƙulen ƙarfe kamfanin ya riƙa ɓoyewa a cikin bamban gaba don a daidaita ta, kafin a koma raba batir gida biyu a gaba. Wani nauyin da na kira na banza, ashe aiki yake yi.

Ban yarda na faɗi ba. Na ce, "Kawu, duk da haka rabin daƙiƙa fa ba wasa ba ne. A fili, rabin daƙiƙa shi ne tsakanin na ɗaya da wanda ba a tuna sunansa." Na karanto masa abin da dangin motar suka yi a 1973: RSR ta lashe tseren awa 24 na Daytona a Amurka a hannun Peter Gregg da Hurley Haywood, ta kuma lashe Targa Florio a tsibirin Sisili na Italiya a hannun Herbert Müller da Gijs van Lennep. A nan Afirka ma, Björn Waldegård ya zo na biyu da Carrera RS a tseren Safari na Kenya a 1974, cikin laka da ƙura. Duk wannan da rage nauyi aka same shi.

Kawu ya ce, "A fili ka yi gaskiya, ban musa ba. Wanda zai shiga tsere ya sayi marar kujerar, shi ne daidai. Amma maimaita mini lissafin nan. Nawa hukuma ta ce a yi?"

"Ɗari biyar."

"Taka guda nawa ce?"

"Ɗari biyu."

"Haɗa da na filin da waɗancan 'yan tsirarun."

Na haɗa a zuci: 200 da 55 da 17, ya ba ni 272.

"To ka gani. Da masu irin ra'ayinka kaɗai aka dogara, ko ƙofar fili ba za a bar ta ta leƙa ba. Waɗanda kake wa dariya, masu son agogo da kafet, su suka cika lissafin. Kuma su suka fi biya."

Wallahi sai na rasa abin cewa. Kuma lissafin bai tsaya nan ba, domin da adadin ya kai 1,000 motar ta sami izinin shiga wani rukunin tsere na biyu, wanda ba a yi zaton samu ba tun farko. Mutum 1,308 da suka ƙi yarda kunnensu ya mutu, su suka buɗe wannan ƙofar ma.

Na koma gida ina ta juya maganar. Abin da ya ƙarasa kayar da ni kuwa wani ɗan bayani ne da na tsinta daga baya game da yadda aka ƙera motocin farko. Tunda hukuma nauyi take dubawa, kowace mota sai an fara haɗa ta a tsirararta, a kai ta kan sikeli a birnin Stuttgart a auna, a rubuta, sannan a dawo da ita masana'anta a sa mata kayan Sport ko na Touring gwargwadon abin da mai ita ya biya. Wato akwai ranar da duk su biyun abu ɗaya ne a kan sikeli. Touring ɗin farko ma da siririn ƙarfen nan aka yi ta. Ni da nake kallonta a matsayin motar alfarma da aka manna wa wutsiya don yaudara, ashe ƙashinta na tsere ne, an dai ɗora mata kaya, kuma ta ɗauka ta yi 240 da su.

Akwai kuma abin da ke faruwa a kasuwar tsofaffin motoci, wanda da farko na ɗauka hujja ce a gare ni. Yau Sport ta fi Touring tsada sosai, takan haura dala miliyan ɗaya a wurin gwanjo. Wadda ta fi araha da mak 1,800 a 1973 ita ce ta koma ta sarakuna. Saboda haka an sami masu Touring da suka fatattake cikin motarsu, suka cire kujera da kafet don ta yi kama da Sport. An kuma sami 'yan damfara da ke ɗaukar 911 gama-gari ta wancan zamani su sa mata wutsiya da rubutun Carrera a gefe. Shi ya sa masana ba sa yarda da ido, sai sun duba lambar bodi sun gwada da kundin masana'anta. Na kawo wa Kawu wannan da murna, na ce to ga shi duniya ta yanke hukunci.

Ya ce, "Wanda ya ba da dala miliyan, zai hau ta ya je Kano?"

Na ce ina, ajiye ta zai yi a ɗaki mai sanyi, a riƙa goge ta.

"Shi ya sa bai damu da kujera ba. Na 1973 hawa za su yi, suka zaɓi mai kujera. Na yau kallo za su yi, suka zaɓi mai labari. Kai ma ai kallo kake yi, ɗan boko. Fim ɗin ma kyauta ake aiko maka."

Ban taɓa gaya masa zancen abokina ba, amma ashe ya ji a wurin mahaifiyata. Maganar ta soke ni, domin gaskiya ce. Ban taɓa biyan mai ɗaukar hoto ba, ban taɓa ciyar da mutum talatin a lokeshin ba, ban taɓa zama gaban mai zuba jari yana tambayata waƙa nawa ce a ciki ba. Gardamar rawa da waƙa a finafinanmu ta girme ni a wannan sana'a, tun zamanin Sangaya ake yin ta, kuma mu masu sharhi kusan kullum gefe ɗaya muke tsayawa, 'yan kallo kuma su tsaya a ɗaya gefen da kuɗinsu a hannu.

A daren na sake kallon fim ɗin abokina, wannan karon na yi masa abin da aka yi wa motocin nan: na ɗora shi a sikeli tsirara. Na riƙa tsallake waƙoƙin da fitowar ɗan barkwancin, na kalli abin da ya rage. Labarin ya tsaya da ƙafarsa. Rikicin uwa da 'yarta a kan gidan gado an gina shi da hankali, akwai wata fitowa ta minti huɗu a tsakar gida da ban ga kamarta ba a bana. A sharhina layi ɗaya na ba wannan duka, na ɓata shafi biyu a kan abin da aka ɗora. Sannan na mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya. Waƙar farko, ta ranar kai amarya, da na cire ta sai kukan uwar a fitowa ta gaba ya zama ba shi da tushe. Ita ce batir na biyu. Ɗan barkwancin, fitowarsa biyu daga cikin biyar suna ba mai kallo damar numfashi kafin a koma cikin tashin hankali, kamar dai kujerar bayan Kawu. Waƙa ta biyu da ta uku kuwa har yanzu ina nan a kan bakana: buhun siminti ne aka jefa a but, ba abin da suke riƙewa.

Kada mai karatu ya ce na tuba gaba ɗaya. Kilo 115 nauyi ne na gaske, sikeli ba ya ƙarya, kuma akwai finafinan da an yi musu lodin da ko tashi ba sa yi, balle gudu. Injiniyoyin Stuttgart sun san nauyin kowane agogo da kowace ƙugiya da suka mayar cikin Touring, sun san abin da ya ci musu: rabin daƙiƙa da kilomita 5. Darakta ma ya kamata ya san abin da kowace waƙa ta ci masa. Laifina shi ne na ga kaya a kan mota na yanke hukunci ban leƙa ƙarƙashi ba, kuma na manta wanda ke biyan kuɗin man da ake zuwa fili da shi.

Na rubuta wa abokina saƙo mai tsawo. Ban janye sharhin ba, na dai faɗa masa abin da na gani a kallo na biyu, da abin da ya kamata in rubuta ban rubuta ba, na kuma ce zan faɗe shi a fili a wannan shafi, ga shi na cika. Kwana biyu shiru. A rana ta uku amsa ta shigo, layi biyu: "Na gani. Waƙa ta uku ni ma ban so ta ba, amma ita ta biya kuɗin tacewa. In ka shigo Kano ka neme ni."

Ranar Juma'ar da ta wuce na bi Kawu masallaci a kunkuru. Wani maƙwabcinsa dattijo ya shiga gaba, ni aka tura ni baya, gwiwata na taɓa haɓata, batir a ƙarƙashin kujerar da nake zaune, inji na bugawa a bayana. A hanya na tambaye shi, in aka ajiye masa biyun aka ce ya ɗauki ɗaya, wacce zai ɗauka? Ya ce Touring, ruwan ƙwai, kuma ba zai ajiye ta a ɗaki ba, Kano zai tafi da ita a ranar. Ya leƙo ni ta madubi ya ce, "Kai fa?"

Na ce masa har yanzu in na ga hoton farar Sport da jan rubutu a gefenta, gabana faɗuwa yake yi.

Ya ce, "Ba laifi. Ka saya. In ka tashi kai iyali Zariya ka zo in ara maka kunkuru."